Hamza Ne Matsalarka

Duk wanda ya san layin masu waya na Gwadabawa a Jimeta ya san Zubair ɗan Dada Asma'u. Ko bai san fuskarsa ba, ya san muryarsa. Sana'arsa cajin waya da tura waƙoƙi a wata rumfa da ba ta kai faɗin tabarma biyu ba, amma in ka zauna da shi minti goma sai ka rantse shi ya ƙera wayar da ke aljihunka. Ya taɓa gaya mana cewa wani matuƙin jirgi ya kira shi daga sama yana neman shawara. Mu maƙwabtansa mun daɗe da daina musu da shi, don musu ƙara masa ƙarfi yake yi.

Abin ya faro ne daga ƙungiyar 'yan kasuwar Borno, mutanen da suka sauka garin nan shekarar gudun Boko Haram da ƙullin kaya a ka, suka zauna har suka zama 'yan gari. Bayan shekara goma, wani ɗansu da ya yi karatu ya zama wani abu a Abuja, Dakta Mu'tasim, ya aiko musu da kwamfuta goma don a koya wa matasa. Modibbo Bobboyi, dattijon Yola da ya ba su masauki tun farkon zuwansu, ya ba da babban ɗaki a gidansa na bakin titi. Hamza mai wuta ya ja waya ya kafa janareta. Abu ɗaya ya rage, malamin da zai riƙe makullin ɗakin.

Da Zubair ya ji, sai ya kalli bidiyo uku na koyon kwamfuta a wayarsa. In za a faɗi gaskiya biyu da rabi ne, don data ta ƙare masa a tsakiyar na ukun. Washegari ya tafi shagon huluna na shugaban ƙungiyar, Alhaji Laminu, wanda ake kira Ba Laminu irin na mutanen Borno, ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Ba Laminu, an ce kuna neman malamin kwamfuta. Ku daina wahalar da kanku."

Alhaji Laminu ya dube shi ta saman tabarau. "Kai ba caji kake yi ba?"

"Cajin nan ɓoye kai ne. Ni injiniya ne. Masu danna hoto da linzami ai yara ne, Ba Laminu. Ni ta baƙar taga nake magana da kwamfuta, baki da baki, babu tafinta."

Baƙar tagar nan wani shafi ne baƙi ƙirin, babu hoto babu ado, ka rubuta umarni kwamfuta ta mayar maka da rubutu. Iyakar abin da Zubair ya iya a cikinta shi ne ya rubuta print, ya buɗe baka, ya sa maganarsa tsakanin wasu 'yan alamomi biyu na sama, ya rufe baka, ya danna. Sai maganar ta fito a ƙasa. Shi ke nan iliminsa, amma ya kwashe kusan awa yana bayaninsa har shayin Alhaji ya huce.

"To, ji nan," in ji Alhaji Laminu. "Ran Asabar ta sama za mu buɗe wurin, Dakta da kansa zai zo. Ina so sunan kowa da kirarinsa ya fito a bango ta majigi, ta wannan tagar taka. In ya fito lafiya, makulli naka ne, kai ne malami. In bai fito ba, akwai 'yar Modibbo."

"Sa'adiyya? Mai buga takardar haya?" Zubair ya yi dariya har da dukan cinya. "Ba Laminu, kada ka haɗa ni da mai buga takarda."

Sa'adiyya tana da shagon buga takardu daura da rumfarsa, ta yi difloma, kuma ba ta da yawan magana. Ita aka ba aikin buga jerin sunaye da kirari, ta buga ta tura masa. Shi kuwa kafin la'asar ya kai farar rigarsa wurin tela, ya ce a ɗinka masa INJINIYA a aljihu da jan zare. Ya shiga ɗakin kwamfuta, ya zare linzamin babbar kwamfutar ya jefa a kwali, ya ce wannan na 'yan koyo ne.

Ranar farko abin ya yi masa kyau. Ya rubuta print('Injiniya Zubair') ya danna, ya fito. Ya sake, ya fito. Sai da ya cika tagar da sunansa, sannan ya leƙa waje ya kira duk wanda ke wucewa ya zo ya ga ikon ilimi. Ya rubuta Alhaji Laminu, ya fito. Ya rubuta Ya Aisa, shugabar mata masu ɗinkin hula, ya fito. Jama'a suka cika ƙofa. Sa'adiyya ta zo wucewa da takardu, ya ce ta tsaya ta ga yadda manya ke aiki. Ya rubuta print('Sa'adiyya') da yatsa ɗaya, ya daki maɓallin kamar mai kashe sauro.

Maimakon suna, sai kwamfuta ta watso wasu layuka na Turanci, da 'yar kibiya tana nuni. Ya sake, ta sake watso su. Zufa ta fara tsattsafo masa a goshi. Wani mutum in ya shiga irin wannan hali sai ya ce bari in duba. Zubair kuwa jingina ya yi da kujera, ya girgiza kai a hankali.

"Na so in rufa miki asiri," ya ce. "Jama'a, wannan tagar ba irin wadda kuka sani ba ce. Tana gane hali. Mai tsabtar zuciya sunansa ya fito. Mai wani abu a ƙasa kuwa, kun dai gani da idonku."

Sa'adiyya ta leƙa allon, ta buɗe baki za ta yi magana. Ya ɗaga mata hannu. "Ba ni za ki ba haƙuri ba, ki je ki gyara tsakaninki da Allah." Ta dube shi, ta dubi allon, ta gyara mayafinta ta tafi.

Kafin azahar ta washegari layi ya kai bakin titi. Kowa ya zo a gwada sunansa, wasu kuma sunan maƙwabci suka kawo. Bintu ta wuce. Raliya ta wuce, ta yi guɗa. Sa'adu mai nama ya faɗi, aka yi sowa, wata mata ta ce dama ta daɗe tana zargin tsiren nan na jiya ne yake ɗumamawa. Shu'aibu mai keke ya faɗi, matarsa da ke bayansa ta ce, "Yauwa, sai mun je gida." Farouk, wanda duk unguwa ta san shi ya kwashe kajin liman, ya wuce sumul, ya fita yana gaisawa da mutane hannu bibbiyu.

Ana cikin haka sai ga Dada Asma'u, mahaifiyar Zubair, ta kawo masa abincin rana a kwanon sha da murfi, tana taƙama ɗanta ya zama abin kallo.

"Zubairu, sa nawa su gani."

"Dada, ke ai ba sai an gwada ki ba."

"Sa mana! Ni da nake azumin Litinin da Alhamis?"

Ya sa. Kwamfuta ta watso Turancinta. Dada ta matso, ta dubi allon kamar ta iya karanta shi, sannan ta dubi ɗanta.

"Me ya ce?"

"Dada, wataƙila zafi ne ya yi mata yawa."

"Da Farouk ɓarawon kaji zafi bai yi yawa ba, sai da ni? Ni da na goya ka wata goma sha takwas?" Ta ɗauke kwanonta. "Abincin mai baƙin hali ba zai shiga cikinka ba. Ka ci na kwamfuta." Tun daga ranar tukunyar gidansu ta daina sanin Zubair, ya koma gasasshiyar masara da ruwan leda.

Labari ya kai wa Modibbo Bobboyi a gonarsa ta Mbamba, ya taho da sandarsa. Bai nemi a gwada sunansa ba. Ya ce a rubuta addu'a. Aka rubuta, ta ƙi. Ya ce a rubuta Jumma'a, ta ƙi. Jama'a, ta ƙi. Ya ce to a rubuta giya. Ta fito tas, fara sol a kan baƙi.

"Laminu," in ji Modibbo, "wannan kwamfuta ba ya sallah. A ɗakina kuka ajiye shi?"

Alhaji Laminu ya yi ta ba shi baki har ya haƙura. Da Modibbo ya fita, ya juyo kan Zubair. "Bar wasan nan. Sa sunan Dakta in gani, shi ne babban baƙo."

Zubair ya rubuta Mu'tasim. Shi ma ya fara jin wani abu a jikinsa. Ya danna. Ta ƙi.

"Me kake nufi?" Muryar Alhaji ta sauka ƙasa. "Mutumin da ya saye kwamfutar da guminsa, ita ce za ta ce ba shi da hali? Yaron da na ɗauko a bayan mota daga Bama yana riƙe da littafinsa? Zubair, saura kwana huɗu. In sunan nan bai fito ba, ko ƙofar ɗakin nan ba za ka sake taɓawa ba."

Zubair ya tashi daga gaban kwamfutar. Ya fito ya zauna a dakali ya yi tagumi, cikinsa na kukan yunwa. Sa'adiyya ta hango shi daga shagonta, tausayi ya kama ta. Ta tsallako titi ta tsaya nesa kaɗan.

"Hamma Zubair, in faɗa maka gaskiya? Hamza ne matsalarka."

Ya ɗago kai. "Wa?"

"Hamza. Duk inda ya shiga, nan abin yake lalacewa. Ka duba da kyau za ka…"

Ai bai tsaya jin sauran ba. Mutanen Jimeta ba su cika damuwa da ne da ce ba, ita kuwa hamzar rubutu take nufi, 'yar alamar nan ta sama da ke tsakiyar Sa'adiyya da Mu'tasim da addu'a. Shi kuma tuni ya miƙe yana tattare riga. Wa ya ja wayar ɗakin? Wa ke shiga da safe ya duba janareta? Wa ya taɓa ce masa injiniyan caja a gaban mutane?

Ya sami Hamza mai wuta a bayan kasuwa, ya kwance wani inji yana wanke shi da fetur.

"Munafuki! Ashe kai kake shiga kana yi wa kwamfuta asiri!"

Hamza ya goge hannu. "Wane asiri?"

"Duk inda ka shiga abin ya lalace! An gaya mini! Me ka zuba a cikin wayar? Me Dada ta yi maka? Me addu'a ta yi maka?"

"Zubair, ka ci abinci yau kuwa?"

Wannan tambaya ta taɓa inda ke ciwo. Zubair ya cakumi wuyan rigarsa. Hamza mutum ne da ke ɗaga janareta shi kaɗai ya ɗora a keke. Bai ma yi fushi ba, ya ɗaga Zubair ya zaunar da shi a cikin bahon baƙin mai, ya riƙe shi a nan kamar mai yi wa yaro wanka. Masu gyara suka taru. Danny mai hayar majigi da lasifika ya fito daga shagonsa yana cewa, "Hamza, abeg, no kill engineer, Asabar never reach!"

Sa'adiyya ta iso da gudu tana haki. "Ba wannan Hamza ba! Hamzan rubutu! Alaman da ke cikin suna!"

Aka tsamo Zubair yana ɗigar mai. Ya dubi Hamza, ya dubi jama'a, ya share fuska ya ƙara baƙanta ta.

"Na sani," ya ce. "Gwada shi nake yi."

"To ka gwada," in ji Hamza. "Daga yau ni ne matsala. Matsala ba ya taɓa kayanka."

A hanya Sa'adiyya ta yi masa bayani dalla-dalla. Alamar da yake buɗe magana da ita, ita ce dai hamza. Da kwamfuta ta ci karo da hamzar tsakiyar suna sai ta ɗauka an rufe magana, ta tsaya a Sa, ragowar ya zame mata shirme. Maganin bai fi danna maɓalli ɗaya ba: ya buɗe ya rufe da alama mai ƙafa biyu, shi ke nan kowane suna ya wuce.

"A bidiyo mai ƙafa ɗaya suka yi," in ji Zubair. "Kin fi Bature sani ne? Ni injiniya ba na lallashin matsala, yanke ta nake yi."

Ya koma ɗakin, ya buɗe jerin da ta buga, ya umarci kwamfuta ta share duk wata hamza da ke ciki, daga sama har ƙasa, a bugu ɗaya. Abin da bai lura ba shi ne, allon bugun Sa'adiyya ba shi da haruffa masu lanƙwasa, don haka ta bi hanyar da masu buga Hausa suka saba: k' a madadin ƙ, d' a madadin ɗ, b' a madadin ɓ. Hamzar da ya share ta tafi da lanƙwasar kowane harafi. Ya jera komai a taga, ya danna, rubutu ya zubo babu Turanci ko ɗaya. Ya yi tsalle har ya bugi fanka.

"Ka karanta kuwa?" Sa'adiyya ta tambaya daga bakin ƙofa.

"Karatu aikin ɗalibi ne."

Da safiyar Asabar ya ƙara abu biyu. Ya girmama haruffan don na baya su gani, har layi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da kalma huɗu ko biyar. Sannan ya tuna wani umarni daga bidiyo na uku mai sa rubutu ya yi ta maimaituwa, ya ɗora shi a kan kirarin Dakta don girmamawa. Yadda ake tsayar da shi yana cikin rabin da data ta cinye. Bai gwada ba, ya ce gwaji na masu shakka ne.

Rana ta buɗe irin ta Yola, wadda ke sa kwalta laushi. Ɗaki ya cika maƙil, masu leƙe sun toshe tagogi. A kujerun gaba ga Dakta Mu'tasim cikin shadda mai ruwan sama, ga Modibbo, ga Alhaji Laminu, ga Ya Aisa da ta cika kujera ɗaya da rabi. Dada Asma'u tana can baya, ta juya wa allon ƙeya. Hamza na waje a gindin janareta ya harɗe hannu. Danny, tunda majigi da lasifika nasa ne, shi aka ba karanta abin da zai fito. Hausarsa ta kasuwa ce, abin da ya gani shi yake faɗa, ba ragi ba ƙari.

Zubair ya fito da farar riga, INJINIYA na ƙyalli a ƙirji. Ya yi jawabin da ba a sa shi ba, ya ce yau Jimeta za ta shiga sahun duniya. Ya ɗaga yatsa sama, ya sauke a kan maɓalli.

Layin farko ya fito a bango. Danny ya gyara murya.

"Barka da zuwa, manyan baki!"

Wasu suka yi ƙasa da kai. Alhaji Laminu, wanda ya gama jawabin minti arba'in yanzun nan, ya shafa leɓensa. Aka daure.

"Ya Aisa, uwar mata, mace da ba ta karya!"

"Ni?" in ji Ya Aisa. "Ni ce ba na karyawa? Kofi biyu na kunun gyaɗa na sha da safen nan, da ƙosai!" Matan ƙungiya suka fashe, wata har da faɗowa daga benci.

Layi na gaba godiya ce ga wadda ta buga takarda, 'yar da Modibbo ke alfahari da ita. Amma manyan haruffa sun raba shi biyu, Danny kuwa ya karanta rabin farko da ƙarfinsa.

"Saadiyya, yar da Modibbo!"

Modibbo ya dafa sandarsa. "A yar da ni? A ina? A ɗakina?"

"Danny, karanta daidai mana!" Zubair ya daka tsawa.

"Oga, wetin dey wall na him I dey read. Ni ban sa komai ba."

Sai ga na babban baƙo. Abin da Sa'adiyya ta buga shi ne k'ashin bayan k'ungiya, kirari mai kyau da Alhaji Laminu ya kwana biyu yana zaɓa. Danny ya ja numfashi, ya ɗaga hannu wajen Dakta, ya saki murya har lasifikar waje ta amsa.

"Dakta Mutasim, kashin bayan kungiya!"

Kafin a gama haɗiye wannan, layin ya sake fitowa. Ya sake. Ya sake. Ya fara zubowa kamar an buɗe famfo, kashin bayan kungiya, kashin bayan kungiya, daga rufi har ƙasa, yana gudu ba tsayawa. Danny ya karanta sau uku don cika aiki, sannan ya ajiye makirfo ya riƙe ciki.

"Kashe shi!" Alhaji Laminu ya miƙe hularsa ta karkace. "Zubair, kashe abin nan!"

Zubair ya lalubi linzami, ya tuna yana cikin kwali. Ya daddanna maɓallai da tafin hannu, rubutu bai ko waiwaye shi ba. Ya durƙusa ya fizge wata waya a bango, fanka ta tsaya. Ya fizge wata, firjin lemo ya yi shiru. Ya leƙa taga.

"Hamza! Don Allah kashe janareta!"

"Ni?" in ji Hamza, bai ko warware hannu ba. "Duk inda na shiga abin yana lalacewa. Kada in ɓata maka aiki, Injiniya."

Da dabara ta ƙare, Zubair ya ruga ya manne da bango, ya ba jama'a baya, ya baza hannuwa don ya rufe rubutun. Farar rigar nan kuwa ta fi bangon karɓar haske. Kashin bayan ya koma gudu a gadon bayansa, yana gangarawa har mazaunai. A nan ne ɗakin ya tarwatse. Ya Aisa tana hawaye tana dukan kafaɗar Modibbo. Sa'adu mai nama da Shu'aibu mai keke suna tafawa ta taga. Dakta Mu'tasim ya yi iya ƙoƙarinsa na babban mutum, ya cije leɓe, ya cire tabarau, daga ƙarshe ya kifa kai a gwiwa kafaɗunsa na rawa.

Sa'adiyya ta taso daga cikin mata, ta ratsa ta zauna a gaban kwamfutar. Ta danna maɓalli biyu tare, rubutun ya tsaya cak. Ta buɗe jerinta na asali, ta sa kowane layi tsakanin alama mai ƙafa biyu, ta rage girman haruffa. Ba ta yi minti biyar ba. Ta karɓi makirfo ta karanta da kanta: manyan baƙi, mace da ba ta ƙarya, Dakta Mu'tasim ƙashin bayan ƙungiya, kowace hamza a mazauninta. Sannan ba wanda ya sa ta, ta ƙara Sa'adu, ta ƙara Shu'aibu, ta ƙara addu'a da Jumma'a, duk suka fito.

"Alhamdu lillahi," in ji Modibbo. "Ya musulunta."

Zubair ya juyo daga bango yana gyara riga. "To, kun gani ko? Dama na shirya haka ne don in nuna muku bambancin…"

"Zauna," in ji Alhaji Laminu. Ya zaro makulli daga aljihu, ya wuce ta gaban hannun da Zubair ya riga ya miƙa, ya damƙa wa Sa'adiyya. Dakta ya share hawaye ya ce roƙonsa ɗaya ne, kada a kori mutumin nan, a rubuta shi ɗalibi na farko, don bai taɓa ganin wanda ya fi shi bukatar makaranta ba.

Ran Litinin da safe Zubair ya zo, don ba shi da inda zai ɓuya, duk layin masu waya sun koma kiransa Injiniya Kashin Baya. Ya zauna a bencin gaba da farar rigarsa, an tsefe jan zaren aljihun amma sawun haruffan na nan. Sa'adiyya ta mayar da linzami mazauninsa, ta tsaya a kansa.

"Darasi na farko, Hamma Zubair. Rubuta sunan mahaifiyarka."

Ya buɗe baki zai ce ai wannan ya wuce ajinsa, sai ya hangi Dada a bakin taga da kwano a hannu, ta kafe shi da ido. Ƙanshin miyar kuka ya shigo ɗakin. Ya haɗiye maganarsa. Ya nemo alama mai ƙafa biyu da yatsa ɗaya, ya rubuta print("Asma'u") a hankali, ya danna. Sunan ya fito fari tas, da hamzarsa a tsakiya.

"Me ya ce?" in ji Dada.

"Ya ce Asma'u, Dada."

"Da kyau." Ta miƙo kwanon ta taga. Zubair ya taso da hannu biyu, ta janye shi gefe. "Ba kai ba. Malama, karɓi. In kin ƙoshi ki rage wa ɗalibin."